Yadda ɗan ƙwallo zai gina ƙarfi ba tare da ya rasa gudunsa ba

Duk filin unguwar da ka leƙa da asuba, Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, kusan abu ɗaya zaka tarar, yara na ta zagaye fili, koci na tsaye da usur, a gama a sa su tsallen kwaɗo har ƙafa ta daina ɗaukar mutum sannan a raba riga a fara wasa. Waɗanda suka samu kuɗin jim kuma su je su kwanta a benci suna tura ƙarfe don ƙirji ya fito. Wallahi yaran nan suna shan wahala, ba malalata bane, abin da ke bani takaici shine an sa musu a rai cewa gajiya ita ce tirenin, in baka dawo gida kana jan ƙafa ba to baka yi komai ba. Ga yadda ya kamata a bi abin, ko kana da jim ko baka da shi.

Mataki na farko, ka san aikin da kake nema daga jikinka

Babban ɗan wasa yana cin kilomita 10 zuwa 12 a minti 90, amma yawancinsa tafiya ce da sassarfa. Abin da ke yanke wasa gajere ne, gudun daƙiƙa biyu zuwa huɗu, tsalle ɗaya a sa kai, birki da juyawa, kafaɗa da kafaɗa. Ka tuna ƙwallo ta biyu da Ahmed Musa ya ci Iceland a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, ya bar mai tsaron baya da gudu ta gefen hagu, ya kewaye gola, ya tsaya ya saita sannan ya buga. Duka abin 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma kowa ya san Ahmed ba ƙaton ƙirji gare shi ba.

A cikin tsoka akwai zare iri biyu. Akwai mai jinkiri, wanda baya saurin gajiya, shi ke aiki in kana sassarfa. Akwai mai sauri, shi ke da ƙarfi da fizga amma nan da nan yake gajiya. To jiki baya taɓa zare mai sauri sai ya ga dole, wato sai nauyi ya yi nauyi ko gudu ya kai maƙura. Kaga kenan ko zagaye 30 ka yi wa fili, mai jinkirin kake ta horarwa, wanda zai sa ka riga lamba biyar zuwa ƙwallo yana nan kwance ba a tashe shi ba. Sannan man da wannan zaren ke ƙonawa a gudun ƙure, wato ATP da wani sinadari da ake kira fosfokiriyatin, ɗan kaɗan ne a tsoka, bai wuce na kamar daƙiƙa 10 ba, kuma yana buƙatar minti uku zuwa biyar kafin ya dawo kusan cike. Riƙe wannan da kyau, shine dalilin doguwar hutawar da zan ce ka yi a gaba.

Wani abin kuma, a makonni huɗu zuwa shida na farko zaka ga ƙarfinka yana hawa sosai amma cinya bata ƙara kauri ba. Ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyin da ke kai saƙo suke koyon tada zare da yawa a lokaci guda. Shi yasa maganar cewa ƙarfe yana sa ɗan ƙwallo ya yi nauyi ya daina gudu bata da tushe, in dai an ɗaga ta hanyar da ta dace.

Mataki na biyu, duba lafiya ka kuma auna kanka

Ka san genotype ɗinka, wato gwajin jinin da ke nuna ko kana ɗauke da sikila. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato yana ɗauke da sikila amma ba mai ciwon bane, kuma mai AS yana buga ƙwallo lafiya lau, amma tirenin na ƙure a zafin rana ba ruwa ba hutu yana iya kayar da shi, har a rasa rai. Koci, dan Allah in yaro ya ce ƙafarsa ta mutu ko numfashi ya ƙi, kar ka ce ragwanta ce, ka cire shi. Wanda kuma yake jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko ya taɓa suma a fili, likita zai fara gani kafin ƙarfe.

Daga nan ka samu littafi ɗan 40 lif ka rubuta abu huɗu: nauyinka, nisan tsallenka daga tsaye da ƙafa biyu, lokacin da kake cinye mita 30 wani ya riƙe maka waya, da yawan firesof mai kyau da kake iya yi.

Mataki na uku, kayan aiki

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce da ɗan ɗoriya, kuma kana iya ƙara mata ko ka rage yadda kake so. Buhu da yashi, jakar goyo, benci ko dakali, da sandar ƙarfe da zaka rataya. Wannan ƙarfen da ake zuba siminti a gwangwani ma yana yi, amma ka kai shi sikelin 'yan gwangwan a auna maka kowane gefe, don sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya nauyi kuma bayanka ne zai biya.

Mataki na huɗu, ɗumama jiki

Minti 15 zuwa 20, kuma ba wai ka tsaya kana miƙe ƙafa kana hira ba. Sassarfa, gudu gefe-gefe, gudu da baya, buɗe ƙugu, tsayuwa da ƙafa ɗaya, ƙananan tsalle ana koyon sauka. Akwai tsarin da hukumar FIFA ta fitar a 2006 mai suna 11+, kyauta yake a intanet har da bidiyo. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi shi. Ba kayan Turai ake buƙata ba, fili ne da ƙwallo da abokin yi.

Mataki na biyar, atisayen kansu

Nan zan daɗe don nan ake ɓata abu.

Tsuguno da nauyi shine uban tafiya. Ka rungume jarka ko buhu a ƙirji, ƙafa a buɗe daidai faɗin kafaɗa, yatsu sun ɗan kalli waje. Ja numfashi ka cika ciki ka ɗaure shi kamar wani zai kai maka naushi, sai ka sauka a hankali kana ƙirga ɗaya biyu uku, har cinya ta kwanta daidai da ƙasa ko ta ɗan wuce. Diddige kar ya bar ƙasa, gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, kar ka bari ta faɗa ciki. Tashi kuwa da ƙarfi zaka yi, kamar zaka huda ƙasa da tafin ƙafa, ka saki numfashi in ka kusa miƙewa. In diddige yana ɗagawa to idon sawunka ne a ɗaure, sa ɗan siririn katako a ƙarƙashinsa na ɗan lokaci kana aikin sassauta shi.

In jarka ta yi maka sauƙi, koma tsuguno da ƙafa ɗaya. Ɗora ƙafar baya a kan benci, ta gaba ta yi taku ɗaya babba, jarka a kowane hannu, sauka har gwiwar baya ta kusa taɓa ƙasa. Ni a ganina ga wanda bashi da jim wannan ya fi komai, saboda nauyi kaɗan ya isa ya wahalar da ƙafa ɗaya, kuma ai ƙwallo da ƙafa ɗaya ake gudu, da ɗaya ake tsayawa a buga da ɗayar. Zai kuma tona maka asirin ƙafar da ta fi rauni, da ita zaka riƙa farawa.

Sai sunkuyo da ƙugu. Nauyi a hannu a gaban cinya, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, ka tura mazaunai baya kamar zaka rufe ƙofa da su, gadon baya a miƙe sambal, nauyin yana bin ƙafa har ya wuce gwiwa ka ji bayan cinya ya ja, sai ka matse mazaunai ka miƙe. In ka ji aikin a ƙasan baya maimakon bayan cinya, bayanka ya lanƙwashe, rage nauyi, ka sa wani ya ɗauke ka a waya daga gefe ka kalla.

Yanzu na Nodik, wanda in da zan tilasta wa kowace ƙungiya abu ɗaya to shi ne. Ka durƙusa a kan tabarma ko ciyawa, abokinka ya danne maka idon sawu da kyau, jiki a miƙe daga gwiwa zuwa kai, sai ka fara faɗuwa gaba a hankali kana riƙe kanka da bayan cinya iya iyawarka, in ta ƙwace ka tare da hannu, ka tura ka dawo. Tsokar bayan cinya tana yagewa ne lokacin gudun ƙure, daidai sanda ƙafa ta miƙa gaba tsokar tana ja tana kuma birki a lokaci ɗaya, wannan atisayen irin wannan birkin yake koya mata. Da aka haɗa binciken da aka yi a kan dubban 'yan wasa, an ga yana rage wannan raunin da kusan rabi. Fara da sau biyar, ka huta ka sake biyar, zagaye biyu kenan, sau ɗaya a mako, don ciwon da yake sa wa a farko ba wasa ba.

Matsematsi ma na da nasa, ana kiransa na Kofanhegan. Ka kwanta ta gefe ka dogara da gwiwar hannu, ƙafar sama a kan benci, ka ɗaga ƙugu jiki ya miƙe, sannan ka ɗago ƙafar ƙasa ta taɓa benci ka mayar. Sabon shiga ya ɗora gwiwa a bencin, ba idon sawu ba.

Saman jiki kuwa kar ka ɓata masa lokaci da yawa, firesof da jakar goyo a baya, jan jiki a sandar ƙarfe, shikenan. Ka ƙara da ɗaukar jarka a hannu ɗaya ka yi tafiyar mita 30 ba tare da ka karkace ba, wannan ya fi maka kwanciya kana ta naɗe ciki sau 200. Ka rufe da ɗage a kan yatsun ƙafa ɗaya a bakin dakali saboda sha-raɓa.

'Yan mata masu buga ƙwallo, duk wannan naku ne, har ma kun fi buƙatar aikin sauka daga tsalle da na bayan cinya, don tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi yawa a mata. Yara 'yan 13 zuwa 15 ma suna iya yi da nauyi mara yawa in akwai babba a kansu, ƙarfe baya tsayar da tsawo.

Mataki na shida, nauyi nawa, sau nawa, hutu nawa

Makonni uku ko huɗu na farko, sau 8 zuwa 12, zagaye uku, da nauyin da baya ɓata maka tsayuwa. Koyo kake yi, kuma jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi sun fi tsoka jinkirin sabawa.

Bayan nan sai ka shiga aikin ƙarfi sosai a manyan atisayen ƙafa: sau 4 zuwa 6, zagaye uku ko huɗu, hutun minti biyu zuwa uku a tsakani, har huɗu in nauyin ya kai. Ka zaɓi nauyin da in ka gama kana jin da zaka iya ƙara biyu, amma ka ajiye. Kar ka kai inda fuska ke murɗewa baya na lanƙwashewa abokai na ihu saura ɗaya. Kuma hutun nan dan Allah ka yi shi, ka duba agogo, na san a fili wanda ya zauna ana masa kallon rago, amma in ka koma bayan daƙiƙa 30 man bai dawo ba, ka mayar da aikin ƙarfi ya zama na juriya.

In kana son sanin iyakar abin da zaka iya ɗagawa sau ɗaya ba sai ka gwada ka ji ciwo ba, akwai lissafi. Raba yawan da ka yi da 30, ƙara 1, ka ninka da nauyin. Wanda ya tsuguna da kilo 60 sau 10, iyakarsa wajen kilo 80 ce, aikin ƙarfinsa kuma zai kama daga kashi 80 zuwa 85 na wannan, wato kilo 64 zuwa 68.

Mataki na bakwai, ƙari kaɗan kaɗan

Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya kafa wannan a asibiti a 1945 lokacin da yake jinyar sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu, ya ga suna saurin dawowa in ana ƙara musu nauyi a hankali. Manomi ma ya san abin, hannun da ke riƙe fartanya kullum kaɗan kaɗan kanta yake yi, wanda ya zo rana ɗaya ya noma gona guda kuwa bororo zai kwasa. In ka cika duk zagayenka da kyau a zama biyu a jere, ƙara kashi 2 zuwa 5 cikin 100, a jarka lita ɗaya kenan. Ka rubuta a littafin nan. Duk mako na huɗu ka rage yawan zagaye zuwa rabi jiki ya cimma aikin, saboda ba a fili tsoka ke ginuwa ba, a fili taɓa ta ake yi, ginin yana faruwa ne cikin awa 48 zuwa 72 da ke biye in an ci an yi barci.

Mataki na takwas, mayar da ƙarfi ya zama gudu

Sau biyu a mako, bayan ɗumama jiki kafin komai, lokacin ƙafa na da sabo: gudun ƙure na mita 20 zuwa 30 sau biyar ko shida, hutun kamar minti ɗaya kan kowace mita 10. Sai dogon tsalle ko tsalle kan dakali, sau biyar zagaye uku, kowanne da iya ƙarfinka, sauka a laushi gwiwa bata faɗa ciki ba. Da ka ji ka fara raguwa ka tsaya. Bambancinsa da tsallen kwaɗo kenan, shi ana yinsa ne har ƙafa ta mutu, gwiwa na shan duka a gajiye, fizgar kuma ba a samu ba.

Mataki na tara, tsara mako

Lokacin hutun kaka ko shirin shiga gasa, ƙarfe sau biyu zuwa uku a mako da kwana ɗaya aƙalla a tsakani. In gasa ta kankama sau ɗaya mai nauyi ya isa ya riƙe maka abin da ka tara, amma kar ka daina gaba ɗaya. Misali wasa ranar Asabar, Lahadi hutu, Litinin sassauƙa, Talata ƙarfe mai nauyi da Nodik, Laraba tirenin ƙungiya mai zafi, Alhamis gajeren gudu da tsalle kaɗan, Juma'a taɓa ƙwallo kawai. Kar ka ɗaga mai nauyi in wasa ya rage ƙasa da kwana biyu zuwa uku. Kuma tun 1980 wani mai bincike Robert Hickson ya nuna dogon gudu mai yawa yana danne ƙaruwar ƙarfi in an cakuɗa su, saboda haka in dole rana ɗaya zaka yi su, ka raba su da kamar awa shida, ɗaya da safe ɗaya da yamma.

Mataki na goma, ci da sha da barci

Furotin kamar giram 1.6 kan kowane kilo na jikinka a rana, mai kilo 65 yana neman wajen giram 105. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kaga ƙwai kaɗai ba zai kai ka ba kuma aljihu ba zai ɗauka ba, sai ka haɗa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, kifi, nono, nama in ya samu, ka rarraba a abinci uku ko huɗu. Tuwo da shinkafa da dankali su ne man gudu, kar wani ya ce ka daina. Fura da nono bayan tirenin ta haɗa duka biyun, ba sai ka sayi gwangwanin garin furotin mai tsada ba. Barci awa 8, wayar nan a ajiye ta.

Ruwa kuma, musamman Maris zuwa Mayu da zafi ke haura 40, ka auna kanka kafin tirenin da bayansa, duk kilo ɗaya da ya tafi ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali. Rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinka ta gumi ya isa ya rage maka ƙoƙari. Da azumi ka mayar da ƙarfe bayan an sha ruwa da kamar awa biyu ko bayan asham, ka rage yawan zagaye ka bar nauyin yadda yake.

Maganar ƙwaya, ina roƙonka. Tramadol baya ƙara ƙarfi, ciwo yake ɓoyewa ka ci gaba da taka raunin, ga kamu ga farfaɗiya, kuma hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. Sha-ka-fashe da irin su dexa kumburi ne da kitse, tsoka ma cinye ta suke yi. Allurar gina jiki kuwa tana taɓa zuciya da hanta, tana kuma iya hana namiji haihuwa.

Ka kuma iya bambance ciwo. Tsamin jiki da ke zuwa washegari ya yi tsanani a kwana na biyu ya tafi kafin na huɗu ko na biyar, wannan ba komai, sassarfa ma na sassauta shi. Amma ciwo mai suka a wuri ɗaya, ko a cikin gaɓa, ko kumburi, ko ka ji wani abu ya ce ɗas, tsaya, ba mai ɗori ko man zafi ba, a duba shi. In kuma bayan tirenin mai tsanani ka ga fitsari ya koma kalar baƙin shayi ga tsoka ta kumbura, asibiti a ranar, ƙoda ce ke cikin haɗari.

Bayan mako takwas ka huta kwana biyu ka sake awon nan huɗu, a fili ɗaya, da takalmi ɗaya, a lokaci ɗaya. In nauyin da kake ɗagawa ya hau amma tsalle da mita 30 suna nan, rage zagaye ɗaya daga ƙarfe ka ba gudun ƙure da tsalle muhimmanci na makonni huɗu. In tsalle ya ƙaru ƙarfe ya tsaya, koma sau 8 da nauyi ƙasa kaɗan ka sake hawowa. In kuwa komai ya ja baya ga kasala ga rashin barci, aikin ne ya fi abincin da hutun yawa, ka ɗauki mako guda a rabin aiki, ka ƙara kwano ɗaya a rana, sannan ka sake aunawa.